Ƙananan Halittun Cikin Jiki da Ciwon Marar Maza Mai Naci

A ƙarƙashin mafitsarar namiji akwai wani ƙululu da likitoci ke kira furostet, wanda magudanar fitsari ke ratsawa ta tsakiyarsa. Idan aka ce mutum yana da daɗaɗɗen kumburin furostet, yawanci ana nufin ciwo a mara, ko tsakanin maraina da dubura, ko zafin fitsari da raɗaɗi bayan fitar maniyyi, wanda ya kai wata 3 yana lafawa yana dawowa. Za ka ga mai wannan lalura ya karkata gefe guda a kan kujera domin zama daidai yana ƙara masa azaba, da daddare kuma ya yi ta tashi fitsari, abin da ke fita bai taka kara ya karya ba.

A shekarar 1995 Cibiyoyin Kiwon Lafiya na Amurka suka kasa cutar gida 4, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na masu fama da ita suna gida na uku, wato waɗanda gwajin da aka saba yi ba ya nuna bakteriyar da za a ɗora wa laifi. Abin da ke damuna shi ne, duk da haka ana ɗora irin waɗannan maza a kan magungunan kashe ƙwayoyin cuta mako bayan mako, idan wannan bai yi ba a sauya wani, alhali wani bincike da aka wallafa a 2004 ya nuna cewa shan ciprofloxacin na mako 6 bai fi ƙwayar da ba magani a cikinta amfani ba ga waɗanda ciwon ya daɗe a jikinsu.

Wannan ba ya nufin ƙananan halittu ba su da hannu. An daɗe ana ɗauka cewa fitsarin mai lafiya ba shi da bakteriya ko ɗaya, sai da aka fara karanta ƙwayoyin gadon bakteriyar da ke cikin fitsari kai tsaye aka gano nau'o'i da dama da ba sa tsirowa a ɗakin gwaji. A 2016 Daniel Shoskes da abokan aikinsa na asibitin Cleveland suka ba da rahoton cewa bakteriyar hanjin masu wannan ciwo ba ta kai ta masu lafiya yawan iri ba, cewa nau'in Prevotella ya ragu sosai, a fitsarinsu kuma dangin Clostridia sun ƙaru. Akwai hanyar da hankali zai ɗauka: bakteriyar hanji tana sarrafa harzar abinci ta samar da sinadaran da ke kwantar da kumburi, sannan jijiyoyin hanji da na mafitsara da na furostet suna haɗuwa a lakar gadon baya, ta yadda damuwar ɗaya kan iya tsananta jin zafin sauran. Ba mamaki da yawa daga cikin mazan nan suna kuka da murɗar ciki da kumburinsa.

Sai dai a ganina bai kamata a yi gaggawar yanke hukunci ba, domin mutanen da aka gwada ba su da yawa, kuma da damansu sun riga sun sha magungunan kashe ƙwayoyin cuta, waɗanda su kansu suke sauya bakteriyar hanji. Saboda haka likitocin fannin suka karkata ga duba kowane majinyaci da abin da ya fi damunsa: wanda tsokokin ƙasan mararsa suka ɗaure a tura shi wajen ƙwararrun gasa jiki da motsa tsokoki, wanda fitsari ke masa gardama a ba shi maganin sassauta wuyan mafitsara, a ajiye maganin kashe ƙwayoyin cuta domin wanda gwaji ya tabbatar yana ɗauke da su.