Godiya ga waɗanda suka tsaya mini a gaban alƙali

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki.

Shari'ar da na yi wata takwas ina fama da ita ta ƙare ranar Talatar da ta wuce. Wasunku sun san wani ɓangare na labarin, wasu kuma gani kawai suka yi na rame, suka yi mini kara ba su tambaya ba. Yau na zauna in yi godiya a fili, domin abin da aka yi mini ba ni da bakin biya. Waɗanda suka yi shi sun ce kada in rubuta sunan kowa. To, na ji. Amma ba su hana ni faɗin abin da suka yi ba.

Shekara tara ina haya a gida ɗaya. Mai gidan ba ya kusa, wakilinsa ne ke zuwa karɓar kuɗi, ya yago rasit ya miƙo mini. Ni kuma in ba maiɗakina, ta jefa cikin wani tsohon gwangwani da take ajiye allura da zare da katin rigakafin yara. Ban taɓa ɗaukar rasitan nan a bakin komai ba, har na sha ce mata ta zubar, tara mana kyankyasai kawai suke yi. Rannan da safe ina saka takalmi zan fita, sai ga ma'aikatan kotu biyu a ƙofa da takarda. Wai an yanke hukunci a kaina: bashin haya na wata goma sha huɗu, kuma in ba da gida cikin 'yan kwanaki, in ba haka ba a fito mini da kaya waje. Na ce wace shari'a? Yaushe aka yi ta, ni ina ina? Gumi ya keto mini, yara sun yi cirko-cirko a bayana.

Godiyata ta farko ga ɗaya daga cikin mutanen nan biyu take, wani dattijo mai furfura. Da abokinsa ya yi gaba, sai ya rage murya ya ce, "Malam, mu aiko mu aka yi. Amma in kana da magana, kada ka kwana da ita. Akwai ofishin da lauyoyi ke tsaya wa marasa hali kyauta, ka tafi yau." Ban sake ganinsa ba. Allah ya sa ya gama aikinsa lafiya.

Gaskiya ban yarda da maganarsa ba da farko. Wa ya taɓa ganin lauya kyauta? Sai na fara zuwa wurin wani lauya mai zaman kansa. Ya saurare ni da mutunci, ya faɗi kuɗin aikinsa, na yi lissafi a zuci na ga ya fi abin da nake samu a wata huɗu tun da ciwon baya ya raba ni da tuƙi. Ban ga laifinsa ba, shi ma hayar ofis yake biya. Na yi masa sallama jiki a sanyaye, na nufi inda dattijon nan ya kwatanta mini.

Benci biyu ne a baranda, duk a cike. Da layi ya zo kaina, wata malama ta jawo fom ta fara tambaya: nawa kake samu, mutum nawa kake ciyarwa, kana da fili ko abin hawa? Kunya ta rufe ni, domin ban saba buɗe cikina a gaban baƙo ba. Ta lura, ta ajiye biro ta ce, "Baba, ba tonon asiri ba ne. Lauyoyinmu kaɗan ne, dole mu tabbata wanda ba shi da hali ne ya samu." Daga bakinta na ji cewa abu biyu ake dubawa kafin a karɓi mutum: ƙarfin aljihunsa, sannan ko maganarsa tana da ƙafar tsayawa a kotu. In ka tsallake na farko ka faɗi a na biyu, shawara za su ba ka, ba za su ja ka zuwa shari'ar da suka san asara ce ba. Malama, na gode da biron nan da kika ajiye.

Sai Barista. A haife na haife ta, amma da ta fara magana sai na koma kamar ɗalibi. Ta ce in je in kawo duk wata takarda da ta shafi gidan, ko da ta yage. Washegari na zo da gwangwanin nan ɗungurungum. Ta zazzage shi a kan tebur, ta tsince allurai ta tura gefe, ita da wani ɗalibin lauya da ke taya su aiki suka shiga jera rasitai wata bayan wata. Wasu tawadar ta koɗe, sai an ɗaga su saitin taga ake karantawa. Cikin wata goma sha huɗun da ake bi na, suka samo na goma sha biyu, kowanne da sa hannun wakilin. Saura biyu.

Ta ɗago kai ta ce ina biyun? Na buɗe baki zan ce sun ɓace. Ta riga ni: "Baba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka biya ko ba ka biya ba?" Na sunkuyar da kai na ce ban biya ba, watannin da nake kwance ne. Ta ce to shi ke nan, mu za mu fara faɗa wa kotu da bakinmu kafin su faɗa, domin in aka kama ka da ƙarya a kan biyu, sha biyun ma sun zama abin zargi. Na daɗe ban ji kunya irin ta wannan rana ba, kuma na daɗe ban yi barci mai daɗi irin na wannan dare ba.

Abin da ta yi bayan nan, ko shekara aka ba ni ba zan gano shi da kaina ba. Ta je ta nemi fayil ɗin shari'ar a wurin magatakardan kotu, ta duba takardar da ke nuna an kai mini sammaci. Sai ga shi wanda ya sa hannu ya karɓa a madadina shi ne wakilin mai gida, wanda ya raka masinja har ƙofata ranar da ba na nan, ya ce a ba shi zai miƙa mini. Bai miƙa ba. Barista ta ce ginshiƙin shari'a shi ne a ji ta bakin kowane ɓangare, kuma hukuncin da aka yi a bayan idon mutumin da ba a sanar da shi ba, akwai hanyar roƙon a jingine shi, sai dai lokacin da ake bayarwa gajere ne. Ta shigar da roƙo biyu, ɗaya a dakatar da fitar da kayana, ɗaya a jingine hukuncin a sake sauraron ƙarar. Ta rubuta takardar rantsuwa, ta karanta mini ita layi-layi, ta fassara, ta ce in akwai kalmar da ba haka aka yi ba in tsayar da ita, don ni zan rantse ba ita ba. Alƙali ya amince da duka biyun.

Daga nan aka shiga ɗage-ɗage. Yau lauyan mai ƙara ya nemi lokaci, gobe alƙali yana da wani zama. A kan bencin kotun nan muka saba da ɗalibin lauyan, kuma godiyarsa daban take, don shi ya riƙa ɗauke mini kewa. Wata rana cikin ɓacin rai na ce masa, wai don me ɓarawo in an kama shi ake nema masa lauya, ni da ban ɗauki na kowa ba sai na sha wannan wuya? Ya yi dariya ya ce, "Baba, wanda ake tuhuma ba ɓarawo ba ne sai an tabbatar, kai ma ai an ce ka ci kuɗin haya." Na yi shiru, ya kama ni. Sannan ya ce tambayar tawa tsohuwa ce. A Amurka tun 1963 kotun ƙoli ta ce dole a ba talakan da ake tuhuma da babban laifi lauya, bayan wani fursuna mai suna Gideon ya rubuta mata koke da fensir daga kurkuku. Amma hukuncin bai haɗa da shari'ar madaniyya ba, irin ta haya da bashi da albashi da riƙon yara. Sai a 1974 majalisarsu ta kafa hukumar da ke ba ofisoshin agajin lauya kuɗi don irin waɗannan shari'u, kuma sai a 2017 birnin Niyok ya yi dokar ba ɗan haya marar hali lauya in za a tashe shi. Ingila ta yi tata dokar agajin lauya tun 1949, ta zo ta zaftare agajin a 2012. Najeriya ta kafa tata hukumar agajin lauya a 1976. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin wata mata 'yar ƙasar Ayalan da ta rasa kuɗin lauyan da zai raba ta da mijinta a kotu, ta kai ƙasarta ƙara kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, ta kuma yi nasara a 1979. Kotun ta ga cewa buɗe wa mutum ƙofar kotu ba ya wadatarwa in ba zai iya gabatar da maganarsa a ciki ba. Na ce masa matar nan ta san abin da na ji ranar da aka miƙo mini takarda da Turancin da ko 'yata mai sakandare ta kasa warwarewa.

Ranar da mai gida ya zo da kansa, Barista ta sa aka miƙa wa wakilin rasitai ɗaya bayan ɗaya. Wannan sa hannunka ne? Nawa ne. Wannan fa? A na biyar muryarsa ta fara shaƙewa. Na saci kallon mai gidan, na ga ya cire tabarau yana goge fuska. Ashe shi ma cutarsa aka yi, wata da watanni ana ce masa ɗan haya ya ƙi biya. Barista ta tunatar da kotu cewa kuɗin da aka ba wakilin da mutum ya naɗa don karɓa, kamar a hannunsa aka sa.

Kada wani ya ɗauka na fito da komai a hannu. An koma teburin sulhu, aka soke wata goma sha biyu, biyun da ke kaina zan biya kashi-kashi. Amma mai gida ya ce yana son gidansa, ɗansa zai shiga. Na so a ja, Barista ta ce, "Baba, gidansa ne. Abin da zan iya nema maka shi ne lokaci, da fita cikin mutunci." Ta samo mini wata shida. Kwana biyu ina jin haushinta, a na uku na gane lauyan da zai faɗa mini abin da nake son ji ba shi nake buƙata ba. Aka rubuta sulhun, kowa ya sa hannu, alƙali ya mai da shi hukuncin kotu.

Na gode wa maƙwabcina da ya bar aikinsa sau uku ya zo ba da shaida, sau ukun ana ɗagewa, ƙarshe ma ba a kira shi ba, kuma bai taɓa yi mini gori ba. Na gode wa babbar 'yata da ta ɗauki hoton kowane rasit a waya, ta riƙe mini ranakun zama a kanta. Na gode wa waɗanda ke biyan albashin lauyoyin nan, gwamnati ce ko masu bayarwa don Allah, da lauyoyi masu zaman kansu da na ji ana cewa suna karɓar wasu shari'un ba tare da kuɗi ba. Ban san fuskokinku ba, amma kuɗinku da lokacinku sun hana a watsar da katifar 'ya'yana a titi.

Akwai abin da na gani a barandar ofishin nan da har yanzu yake cina. Wani bawan Allah ya zo da sammacin da ya yi wata uku a ƙarƙashin matashinsa, tsoro ya hana shi buɗewa, yana ganin in ya yi shiru abin zai wuce. Shi an kai masa hannu da hannu, ba shi da uzurin da nake da shi. Wata kuma albashinta ya ɗan haura iyakar da aka sa, ba ta cancanci kyauta ba, ba ta kuma da kuɗin lauya, ta tashi tana share hawaye da gefen mayafi. Lauyoyin ofishin ba su kai yatsun hannu ɗaya ba, fayil kuwa har ƙasa. In akwai mai faɗa a ji da ke karanta wannan, ya je ya zauna a bencin nan na awa ɗaya.

Da aka gama na ɗan ƙulla abin da ya sawwaƙa a ambulan na kai wa Barista. Ko taɓawa ba ta yi ba. Ta ce ƙa'idar aikinsu ta hana, in haɗa in rage bashin wata biyun nan. Barista, Allah ya yi miki albarka, ya jiƙan magabatanki, ya tsaya miki ranar da babu lauya.

Maiɗakina kuwa, na ba ta haƙuri a gaban yara kan maganar kyankyasai. Kwafin takardar sulhun yana cikin gwangwanin yanzu, ta ce kuma ba ni ba taɓa shi. Saura wata shida mu tashi, don haka duk wanda ya san inda ake ba da hayar ɗaki biyu mai sauƙi, ya yi mini magana. Ko wa zai karɓi kuɗin, a gaya masa sai da rasit.