Yinin da na yi da finafinan Priyadarshan

Yau Asabar ban leƙa ko ƙofar gida ba, saboda murar da ta kwantar da ni tun jiya, don haka bayan na karya kumallo sai na kunna Hera Pheri, fim ɗin Indiya na shekarar 2000 wanda ban san sau nawa na kalle shi ba. Duk tsawon shekarun nan sunayen jaruman kawai na riƙe, wato Akshay Kumar da Suniel Shetty da Paresh Rawal. Sai yau na tsaya na lura da sunan daraktan, Priyadarshan, kuma ban ankara ba yinin ya tafi wajen bin diddigin aikinsa.

An haife shi a 1957 a jihar Kerala da ke kudancin Indiya, kuma da harshen Malayalam ya fara ba da umarni a 1984, yawanci tare da abokinsa na ƙuruciya, jarumi Mohanlal. Da yawa daga cikin finafinan barkwancin da ya yi da harshen Hindi labarai ne da aka fara yi a kudu. Shi kansa Hera Pheri daga wani fim na Malayalam na 1989 aka ɗauko shi. Akwai masu rage masa daraja saboda haka, amma ni a ganina sauya wa labari harshe ba tare da dariyarsa ta zube a hanya ba aiki ne da ba kowa ke iyawa ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a kallon yau shi ne cewa babu wanda yake wasa a cikin mutanen nan uku. Bashi ya yi musu katutu, aiki babu, kuɗin haya ya gagara, sannan kuskuren buga lambar waya ya sa mai garkuwa da mutane ya kira gidansu yana neman kuɗin fansa daga wani attajiri. Maimakon su kai ƙara, sai suka shirya shiga tsakani su ninka kuɗin su riƙe rara. Kowannensu da gaske yake neman mafita, kuma daga wannan tsananin ne dariyar take fitowa, domin daraktan ya ɗora ƙarya kan ƙarya a hankali har mai kallo ya riga su hango inda za su faɗi. Baburao, ɗaya daga cikin ukun wanda Paresh Rawal ya fito a matsayinsa, da tabarau mai kauri da saurin fushi, ya sa na yi dariya har tari ya sarƙe ni.

Ba duk aikinsa nake yabo ba. Guje-gujen da yake rufe wasu finafinan da su, inda kowa ke bin kowa, sun yi mini yawa a De Dana Dan na 2009.

Bayan la'asar na nemo Kanchivaram, wanda ya yi da harshen Tamil kuma ya ci lambar yabon ƙasa ta fim mafi kyau. Prakash Raj ne ya fito a masaƙin siliki wanda ya yi alkawarin aurar da 'yarsa cikin tufafin siliki, alhali ladan saƙarsa ba zai taɓa saya ba. Talaucin da ya ba ni dariya da safe shi ne dai a nan, sai dai babu abin dariya ko kaɗan, kuma da aka gama na daɗe zaune ban kashe kwamfutar ba.