Motar haya ta mutu mani kusa da Dogon Dutsi

Wallahi har yanzu abin na ci mani rai. Na ɗauki mota haya a Yamai zan kai Inna garin Tawa, ko Dutsi ba mu kai ba inji ya ɗau zahi, hayaƙi ta ko'ina, tsohuwa zaune bakin kwalta cikin rana. Makanise ya duba ya ce radiyatar ta daɗe da hudewa, da sabulu aka liƙe ta. Mai mota kuma wai ni zan biya gyara!

To 'yan uwa ku sani, kod sibil ɗinmu, wato kundin dokokin hulɗa tsakanin jama'a na Nijar, aya ta 1721, ta ɗora aibin abin haya kan mai bayarwa ko da bai san da shi ba. Na riƙe kwantara da hotuna, gobe wajen wisiye, ma'aikacin shari'a mai isar da takardun ƙara, zan tahi.