Tanar da ta ruɓe a bokiti

Makon jiya na miƙa mukullin akwatin kaya na sauka daga jirgin ruwan, bayan shekara uku ina yaron jirgi. Duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san baƙon da ya biya kuɗi aka fita da shi kamun kifi ba ruwansa da wanda ya wanke jirgi ko ya duba inji. Idan ya zura hannu a mazubin koto ya ɗauko tana mai rai, tana murɗewa a yatsunsa, to kai yaron kirki ne. Idan ya ɗauko mushe, ka shiga uku.

A watana na biyu na ɗauko wa kaina mushen. Rana ce mai zafi, baƙi huɗu, kula kuma ɗaya tak a jirgin. Maigida ya ce in kwashe tanar daga kula in zuba wa baƙi ruwan shansu, ita kuma in juye ta a bokiti da ƙasarta, in tula mata ƙanƙara a kai. Na ce, "Yallabai, idan ƙanƙarar ta narke fa?" Ko kallona bai yi ba ya ce, "Kai yaro, tana ba a laima take kwana ba? Zuba." Na zuba. Na kuma danna murfin bokitin har ya ce ƙas, wai don kada laka ta fantsalo. Wannan kam ba wanda ya sa ni, nawa ne.

Kafin rana ta take tsaka koton da ke ƙugiyoyi ya ƙare, aka ce in kawo. Ina ɗaga murfi wari ya dake ni. Ƙanƙara ta zama ruwan laka mai ɗumi, tanar ta yi fari-fari, ta kumbura, ta miƙe kamar jiƙaƙƙen zare. Na ɗauko ɗaya na soka ƙugiya, ta tsinke biyu a hannuna. Ina tsugune ina lalube ko zan dace da mai sauran rai, wani jirgi ya wuce da gudu, igiyar ruwansa ta kaɗa mu, bokitin ya kife. Laka ta bi ƙasan jirgi har ƙarƙashin kujeru, ta ɓata wa wani dattijo cikin baƙin farin wandonsa. A nan, gaban mutane, maigida ya ce shi bai taɓa ganin sakarai irina ba, wane mai hankali ne zai zuba ƙanƙara a kan tana? Na yi shiru. Ya zaftare mini kuɗin mako guda. Kuɗin na manta da su, tambayar ce dai ban manta ba.

Haushin ne ya sa na koyi abin da shi bai taɓa damuwa ya sani ba. Tana ba ta da huhu, da fatarta take shaƙar iska, kuma sai fatar tana da danshi iskar ke ratsa ta. Daga nan mutane ke ruɗewa, su ɗauka yawan ruwa gata ne. Tana kan jure zama a ruwa mai sanyi da wadatar iska na ɗan lokaci, amma ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi, ga bokiti a toshe, ga ƙasan jirgin alminiyam da ke gasa shi daga ƙasa. Da ɗaya ta mutu kuwa, nan da nan take narkewa, ruɓarta ta cinye 'yar iskar da ta rage, sauran su bi ta. Daren da ya gabaci ranar nan na ga matattu biyu ko uku a cikin kular na ƙyale su saboda barci. Wannan ma nawa ne, ko da yake maigida bai san da shi ba.

Akwatin da na haɗa daga baya ba wani abin a zo a gani ba ne. Ƙaramin mazubin roba ne da na huda wa murfi da ƙusa mai zafi, huji ƙanana da yawa, yadda iska za ta shiga amma tana ba za ta sulale ba. Na daina shiga jirgi da ƙasa kwata-kwata. Tsohuwar jarida nake yayyagawa siri-siri in jiƙa da ruwan sama ko na kogin, domin ruwan famfo yana ɗauke da kulorin, sinadarin tsabtace ruwa da ke cutar da tana. Sai in matse ta a tafin hannu: idan ɗigo ɗaya ko biyu suka fito, ta yi daidai, idan ruwa ya zubo, in ƙara busasshiya. Kwana ɗaya ko biyu kafin fita nake mayar da tanar cikin wannan shimfiɗa. A nan take kasayar da ƙasar da ke cikinta, jikinta ya yi tauri da sheƙi, ta zauna daram a ƙugiya. Hannun baƙo ba ya ɓaci, sandar fatsa ba ta ɓaci, ni ma na huta da goge laka da yamma.

Sanyi kuma daga robar ruwa yake fitowa, wadda na daskarar na naɗe da tsumma, na ajiye a gefen mazubin cikin kula, ba a jikin tanar ba. Manyan tanan da ke fitowa da dare sun fi son digiri 4 zuwa 10 a ma'aunin Salsiyas, jajayen nan ƙanana na cikin taki sun fi jure ɗumi, amma su ma idan zafi ya haura 30 sai su fara mutuwa. Ranar da ba ƙanƙara, jiƙaƙƙen buhun algarara a kan mazubin, a inuwar kujera, yana rage zafi muddin iska na kaɗawa. 'Yan kaɗan nake ɗebowa a ƙaramin gwangwani in miƙa wa baƙi, kada a yi ta buɗe kula kowane minti biyar.

Sauran ƙanana ne. Hannun da ya taɓa fetur, maganin sauro ko man kariyar rana a wanke shi kafin ya taɓa koto. Abinci kaɗan, don ragowarsa tsami take yi. Matacciya a tsince ta safe da yamma. Ragowar tana ba a watsar da ita a gaɓa: a dazuzzukan da ke kewaye da manyan tafkunan Arewacin Amurka, koton da masu fatsa suka zubar yana cikin abin da ya yaɗa tanar Turai, ta cinye busassun ganyen da ke rufe ƙasar dajin.

Shekara biyu da wata goma ban sake rasa tana a jirgin nan ba. Ko sau ɗaya maigida bai ce sannu ba, amma na sha jin sa yana nuna wa baƙi akwatin yana cewa dabararsa ce tun yana saurayi. Na bar wa sabon yaron akwatin, na nuna masa matsar jarida, na ce masa idan aka ce ya zuba ƙanƙara a bokiti, ya ce "to, yallabai", sannan ya ɗauko robar da ke cikin tsumma.