Alhamdulillah, Kuɗin Sun Shigo

Assalamu alaikum jama'a. Jiya da hantsi banki ya turo saƙo cewa ragowar kuɗin tallafin gona sun shiga. Na karanta har sau uku, na miƙa wa maman yara wayar, sannan na zauna a bakin ƙofa. Murna ma ta kasa zuwa, gajiya ce kawai ta sauko mini.

Kun san komai tun daren 26 ga Satumba 2024 da guguwar Helene ta ratso jihar Fulorida ta faɗo mana nan kudancin jihar Jojiya a Amurka, ba sai na maimaita ba. Kun kuma san jiran da aka sha. A Disamba 2024 aka sa hannu a dokar da ta ware kusan dala biliyan 21 domin manoman da bala'i ya shafa, amma sai a Yuli 2025 aka buɗe neman babban kason. Mai jiran kuɗin gwamnati, in bai iya haƙuri ba zai koya.

Abin da ba zan manta ba shi ne washegarin guguwar. Bishiya ta danne rumfar awaki, ba wuta, ba layin waya. Na ɗauki shebur zan binne waɗanda suka mutu, idona na zubar da hawaye, sai ga maƙwabcina, dattijon nan Bature da yarana ke kira Baba Mai Tarakta. Da zarto ya yanko itatuwan da suka tare hanya ya iso, alhali rufin gidansa ma ya yaye. Ya riƙe mini hannu ya ce kada in binne ko ɗaya sai an ɗauki hoto an ƙirga, domin ofishin FSA na ma'aikatar noma ba zai biya ba sai da hujja. Ni ina na sani? Wayata ta mutu, da tasa muka ɗauka. Da waɗannan hotunan aka biya ni kashi 75 cikin 100 na darajar dabbobin da suka amince da lissafinsu. Dattijon ya hana ni ambatonsa. Baba, ka yi haƙuri, na ƙi ji.

Ina godiya ga Malam Liman da jama'ar masallacinmu, da suka haɗa mini rance na gyara shinge, tunda tallafin gyaran gona galibi sai ka yi aikin ka kai rasit kafin a mayar maka da kaso. Hajiya Babba, Allah ya saka da alheri, wata biyu yarana suna gidanki ba ki taɓa nuna gajiya ba. Da baiwar Allahn nan ta ofishin gundumarmu da ta zauna da ni muka bi takardu layi-layi.

Akwai 'yan uwa da tafiyar awa uku kacal ta raba mu, ko sallama ba su yi ba sai makon nan da labarin kuɗi ya fita. Ba komai, na ga kiranku.

Allah ya biya kowa da mafificin alheri, ya tsare gonakinku da iyalanku, ya jiƙan waɗanda guguwar ta yi ajalinsu. Waɗanda har yanzu takardunsu ke kan layi, Allah ya kawo musu ɗauki da gaggawa. Malam, in Allah ya kai mu Juma'a zan kawo kuɗin rancen bayan an sauko.