Allo duk kore, nginx kuwa yana kan tsohuwar takarda

Mun bar Puppet muka koma Ansible, duka manhajojin sarrafa sabobi ne, don neman sauƙi: ba a girka wakili a kan sabobi, SSH da Python sun wadatar, a rubuta YAML a tura. Nan ba a sha wuya ba. Abin da ya ci mana tuwo a ƙwarya shi ne handler, wato aikin da ba ya gudana sai wani aiki ya canza abu ya sanar da shi (notify).

Ga yadda yake. Aiki ya kwafa sabuwar takardar shaidar TLS, wadda ake tsare haɗin shafin yanar gizo da ita, ya yi notify ga handler da zai sake loda nginx, manhajar da ke miƙa shafin ga masu ziyara. To handler ba ya tashi nan take, sai an gama sauran ayyuka. Idan wani aiki ya faɗi a tsakani, ko da na fakitin da ba ruwansa da nginx ne, sai a fitar da sabar daga layi, handler ɗinta ya bi ruwa. Ka gyara, ka sake turawa, fayil ya riga ya zama daidai, sai a rubuta maka ok da koren launi. Babu changed, don haka babu notify. Sabuwar takarda tana kan faifai, tsohuwa tana cikin ƙwaƙwalwar nginx, har ranar da wa'adinta ya ƙare masu ziyara suka fara cin karo da gargaɗi. Abin haushin, an rubuta wannan hali ƙarara a bayanan Ansible, amma wa yake komawa can alhali komai kore ne?

Maganin layi ɗaya ne: force_handlers = True a cikin ansible.cfg, don handler ya gudana ko da wani aiki ya faɗi, ko meta: flush_handlers nan da nan bayan aikin da ya canza fayil, don ya tashi nan take. Ni duka biyun nake sawa. Kuma yanzu ba na yarda da rahoto sai na leƙa daga waje da openssl s_client na ga ranar ƙarewar da idona.

Ina kewar abu guda na Puppet: wakilinsa na zagayowa duk minti 30, ya mayar da abin da aka taɓa da hannu. Ansible bai san an karkace ba sai ka kira shi. Amma zagayen nan ne kuma ke share gyaran gaggawa na tsakar dare idan an manta a dakatar da wakilin da puppet agent --disable.

Kada kuma --check, gwajin Ansible da ba ya canza komai, ya ruɗe ka, yawancin ayyukan shell da command tsallake su yake yi, kuma ba zai gaya maka an taɓa zubar da handler ba.