Nicklas Lidström da sana'ar tsaron baya a wasan hoki na ƙanƙara

Abin da 'yan kallon hoki suka fi so daga ɗan baya shi ne ya maka abokin karawa da katangar fili har gilashi ya girgiza. Nicklas Lidström bai cika yin haka ba, amma sau 7 yana ɗaukar kofin Norris, wanda gasar NHL ta Amurka da Kanada ke bai wa gwarzon ɗan baya na shekara. Bobby Orr kaɗai ya fi shi, da guda 8.

An haife shi a 1970 a Krylbo da ke Suwidin, ya kuma fito ne daga ƙungiyar Västerås. A zaɓen sabbin 'yan wasa na 1989 sai da aka ɗauki mutum 52 kafin Detroit Red Wings ta kira sunansa a zagaye na uku, bisa shawarar Christer Rockström, mai yi mata farautar 'yan wasa a Turai. Ko da yake Börje Salming ya riga ya share hanya a Toronto tun 1973, har lokacin ƙungiyoyin Amurka da Kanada na kallon 'yan Suwidin a matsayin waɗanda ba sa jure wa duka. Bai yi gaggawar tafiya ba. Ya ƙara shekara biyu a gida, ya ci kofin duniya da ƙasarsa a 1991, sannan ya ƙetara. A kakarsa ta farko ya tara maki 60, wato cin raga da taimakawa a ci idan aka haɗa, ya zo na biyu bayan Pavel Bure a kyautar sabon ɗan wasa.

Wannan ƙetarawa tana kayar da 'yan baya da yawa, kuma dalilin faɗin fili ne. Filin Turai na da faɗin mita 30, na NHL kuwa kusan 26. Mita huɗun nan su ne lokacin da ɗan baya ke da shi na ɗaga kai ya duba kafin a auka masa. Wanda ya saba riƙe faifan robar da ake bugawa a madadin ƙwallo yana nazari, sai ya tarar an riga an danne shi a kusurwa. Lidström yakan waiga kafaɗa tun yana kan hanyar zuwa ɗaukar faifan, don haka kafin sandarsa ta taɓa shi ya san wanda zai miƙa wa.

Asalin gwanintarsa tana wajen tazara. Idan maharin ya taso da gudu, ɗan baya yana sulu ne da baya yana fuskantarsa. In ya bar tazara mai yawa, maharin zai samu sararin harbi ko ya ƙara wuta ya wuce. In ya matso da wuri, kaucewa ɗaya ta isa a bar shi a baya. Abin da ake so shi ne gudunku ya zo daidai, ta yadda lokacin da za ku iso shuɗin layi, wanda ya shata yankin da kake tsarewa, ba abin da ke tsakaninku sai kamar tsawon sanda ɗaya zuwa biyu, kai kana ta ciki, shi kana tura shi gefen katanga inda harbi ba ya da haɗari. Lidström yakan riƙe sanda da hannu ɗaya, gwiwar hannu a lanƙwashe kusa da jiki, don kada maharin ya gane iya inda za ta kai. Da faifan ya ɗan rabu da sandar wancan, sai ya miƙe hannu ya tsokane shi. Idan kuma suka gaji suka cilla faifan sama don ya wuce shi, sau da yawa a iska yake kakkaɓo shi.

Ribar wannan salo a bayyane take. Wanda ya tafi duka ya kuskure, ya fita daga wasan na daƙiƙa biyu ko uku, abokinsa ya rage shi kaɗai gaban mutum biyu. Wanda aka wuce kuma yakan kai sanda ya maƙale ƙafa, alƙali ya tura shi benci na minti biyu. A wasanni 1,564 na kaka, mintin hukuncin Lidström 514 ne kacal, kamar a ce laifi ɗaya a duk wasa shida. Ga mutumin da kullum shi ake jefa wa mafi hatsarin maharan abokan karawa, wannan adadi ya fi yawan makinsa ba ni mamaki.

Karon ƙarshe na neman kofin Stanley, kofin zakarun NHL, a 1997 ya nuna haka ƙarara. Philadelphia ta zo da Eric Lindros, ƙato mai ture duk abin da ya tare shi, kowa na zaton koci Scotty Bowman zai haɗa shi da Vladimir Konstantinov, wanda ya fi kowa duka a Detroit. Sai Bowman ya sa Lidström da Larry Murphy. Ba su yi kokawa da Lindros ba, sun dai hana faifan isa gare shi. Sau ɗaya ya ci a wasanni huɗu, shi ma a daƙiƙun ƙarshe na wasa na huɗu, Detroit ta ɗauki kofin Stanley karon farko tun 1955. Kwana shida bayan nan hatsarin mota ya kawo ƙarshen wasan Konstantinov, nauyin bayan ƙungiyar ya ƙara komawa kan Lidström, suka sake cin kofin a 1998.

Salon yana kuma tanadin ƙarfi. Ɗan wasa kan yi daƙiƙa 40 zuwa 50 a kan ƙanƙara a canja shi, kuma wanda ba ya tsere don gyara kuskurensa yana iya dawowa sau da yawa. A shekarun ganiyarsa Lidström kan yi kusan rabin minti 60 na wasa. A wasa na uku na karon ƙarshe da Carolina a 2002, wanda ya kai ƙarin lokaci na uku kafin Igor Larionov na Detroit ya raba gardama, ya haura minti 50. A shekarar ya zama ɗan Turai na farko da ya samu kyautar Conn Smythe ta gwarzon wasannin neman kofi.

A gaba ma dabara ce. Idan alƙali ya tura ɗaya daga cikin abokan karawa benci, yakan tsaya a shuɗin layi ya ɗan gusa gefe har ya samu kafa tsakanin ƙafafu, ya harba ƙasa-ƙasa, yayin da ɗan ƙasarsu Tomas Holmström ke tsaye gaban gola yana tare masa gani yana jiran ya karkatar da faifan. Harbin da ya bugi ƙaurin mai tarewa yakan koma hari a kanka, shi ya sa in hanya ta toshe yakan harba gefen raga da gangan, katangar filin Joe Louis na Detroit mai saurin mayarwa ta dawo da faifan gaban gola. Ya gama da cin raga 264 da taimako 878.

Harbinsa da Suwidin ba za ta manta ba na Olamfik ɗin Turin ne a 2006. Ana 2-2 da Finlan a wasan ƙarshe, sandar Saku Koivu na Finlan ta karye a farkon zango na uku, Peter Forsberg ya ba Mats Sundin, Sundin ya ajiye masa a baya, ya narka shi a saman raga cikin daƙiƙa 10. Da 3-2 aka tashi.

Sai da ya kai shekara 31 ya ci Norris na farko, bayan ya zo na biyu sau uku a jere, kuma a ganina masu zaɓen ne suka makara. Ya gaji Steve Yzerman a kyaftin a 2006, a 2008 ya zama kyaftin na farko haifaffen Turai kuma horarren can da ya ɗaga kofin Stanley, bayan doke Pittsburgh. A shekarar da ta biyo baya golan Pittsburgh Marc-André Fleury ya tare harbinsa a daƙiƙun ƙarshe na wasa na bakwai na karon ƙarshe, kofin ya suɓuce. Norris na bakwai ya zo a 2011 yana da shekara 41. Ya yi ritaya a Mayun 2012 bayan kaka 20 a ƙungiya ɗaya, ba tare da ta taɓa rasa shiga wasannin neman kofi ba. Detroit ta jingine lambarsa ta 5 a 2014, kuma a 2022 ta dawo da shi cikin shugabanninta, mataimakin shugaba mai kula da harkokin wasa.